Layukan da Aka Ƙara wa Ɗigo

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce da yawa daga ƙanwarka, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da aikin nan naka da ba ya ƙarewa. Mu nan da sauƙi. Gwiwar Umma ta sake tashi, amma ta ƙi taɓa sandar da ka aiko mata, wai ita ba ta kai nan ba tukuna. Sandar tana bayan ƙofa, ta zama maratayin mayafi. Baban Ɗigo ya koma tuƙinsa, ya fita da safe ya dawo da yamma, magana ba ta dame shi ba. Ni ma na koma ofis. Tun da Allah ya karɓi 'yata Ɗigo kowa yake ce mini aiki zai ɗauke mini hankali, ni kuwa na ce to, tunda ba ni da dabarar da ta fi tasu.

Za ka ce me ya hana ni ɗaukar waya. Na ɗauka, ba sau ɗaya ba. Da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar ko kana cin abinci, mu yi sallama ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Makon jiya ofis ya tura mu bita, mu 'yan sashen rahoto. Shugabanmu ya gaji da rahoton rijiyoyi da famfuna da muke kai masa, lambobi a karkace, kan jadawali a wannan shafi ƙafarsa a wancan. Aka zaunar da mu a wani ɗaki mai labule ruwan toka da fanka mai kukan tsufa, kowa da kwamfuta a gabansa. Malamin bitar ya ce manhajar da za mu koya ta tsara jadawali ce, kyauta take, a buɗe take, kowa yana iya leƙa cikinta ya gyara, kuma mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke kula da ita don ra'ayin kansu. Da ya faɗi sunanta sai na zunguri abokiyar aikina na ce, "Ta yayana ce, shi ya fara ta." Ta harare ni ta ce, "Ke dai ba kya rabuwa da cika baki." Har dariya na yi, Yaya, irin wadda na daɗe ban yi ba.

Sai ya kunna majigi, ya buɗe shafin farko na littafin bayaninku.

Gida huɗu: wata, nauyi, tsayi, abin lura. Babu suna, amma ina ruwana da suna? Wata na biyu, ta fara murmushi. Wata na bakwai, haƙori ya fito, ta ciji kakarta. Maganata ce, yadda nake turo maka duk ranar da muka dawo daga awo, kai kuma kana ƙara layi. Ban manta ba, ka tambaye ni kafin ka fara, ka ce kana neman misali na gaskiya mai daɗin karantawa, ni kuma na yi ta murna wai 'yata ta zaga duniya tun ba ta iya zama ba. Ba laifi nake ɗora maka ba. Amma lokacin tana goye a bayana ne.

Malamin ya ce mu jera shi daga mai nauyi zuwa mara nauyi, mu sa wa layin ƙarshe launi. Wani a bayana ya ce, "Wannan yarinya ba ta wasa da cikinta." Aka yi dariya. Wata ta tambaya me ya sa ya tsaya a wata na goma sha huɗu, bai cika shekara biyu ba. Malamin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Misali ne kawai, ƙila wanda ya ƙirƙiro shi ne ya gaji."

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a kan matakala riƙe da ƙarfen, mai shara tana tambayata ko jiri nake ji. Na ce mata eh, don ya fi sauƙin faɗa. Na koma na ƙarasa bitar, na sa wa layin ƙarshe launi kamar kowa.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ka cire shi. Ba na so a sake jera 'yata daga babba zuwa ƙarami a ɗakin da babu wanda ya san ta. Ka sa na wani abu, na motoci ko na kaji, duk abin da ka ga dama. Ban gaya wa Babanta ba, ban gaya wa Umma ba, kai ma kada ka faɗa.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka rage zama gaban na'ura kada idonka ya mutu kafin ka yi aure.

Ƙanwarka,
Auta

* * *

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai 'yar mura da ta ƙi sakina. Ki ce wa Umma sandar nan ba ta san shekarun kowa ba, kuma ba za ta kai tsegumi maƙwabta ba. Ki gaishe mini da Baban Ɗigo. Ni ina nan a ɗakin da kika sani a hoto, taga tana kallon bangon wurin ajiye motoci, tukunya ɗaya, kujera ɗaya, babu abin da ya ƙaru.

Na karanta abin da ya same ki a ɗakin bitar, na ajiye takardar, na kasa komawa kanta sai washegari. Ki yi haƙuri. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa wata rana za ki zauna gaban majigi ki gan shi. Allah ya sa Ɗigo mai ceto ce, ya ba ki dangana.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake, don kada ki ga jinkiri ki zaci wani abu. Littafin bayanin nan ba da hannu muke rubuta shi shafi bayan shafi ba. A cikin manhajar, kusa da kowane aiki da take yi, akwai ɗan misali da aka rubuta. Wata manhaja ce dabam take bi ta tsince misalan, ta gwada kowanne, ta ɗauki abin da ya fito ta shirya shafukan da kanta. To kusan duk misalan nan da jadawalin Ɗigo suke aiki: yadda ake haɗe gida biyu, yadda ake daidaita lambobi su tsaya a kan juna, yadda ake sa launi. Gwaje-gwajen da ke tabbatar mana ba mu ɓata komai ba, su ma da shi suke auna kansu. In na zare shi yau littafin gaba ɗaya zai ƙi fitowa, kamar a zare zaren da ya riƙe riga.

Sannan akwai ƙa'ida. Ba wanda yake canja abu irin wannan a ɓoye, ko da ni ne. Sai ka shigar da buƙata a fili inda kowa zai gani, ka cike gurbin dalili, wani daga cikin masu kula ya duba ya amince. Ni na kafa ƙa'idar da hannuna tun ba mu da yawa, don kada wani ya wayi gari ya yi abin da ya ga dama da aikin jama'a. Yanzu masu amfani da manhajar sun wuce a ƙirga, akwai malaman da suka gina darasi a kan shafukan nan, akwai masu fassara su zuwa harsunansu. Jadawalin nan ya daɗe da fin ƙarfina, Auta, ya zama na mutane.

Ba cewa nake ba za a yi ba. Za a yi. Ki dai ba ni lokaci in ga ta inda zan ɓullo wa abin. Kafin nan, in kina neman yadda ake wani abu don rahotonku, kada ki buɗe littafin, ki tambaye ni kai tsaye.

Maganar aure ki ce wa Umma na ji, idon ma ya ji.

Yayanki

* * *

Yaya,

Muna lafiya. Allah ya sawwaƙe murar.

Na karanta darasinka, na gode, na ƙaru. Ba ka canja ba. Tun ranar da ka kwance rediyon Baba ka kasa mayarwa, maimakon ka ba da haƙuri sai ka zaunar da mu kana nuna mana aikin kowace waya, har Baba ya manta da dukan da ya yi niyya. Ni ba Baba ba ce, ban manta abin da na roƙa ba.

Na mutane, ka ce. Waɗanne mutane? Su suka riƙe ta a asibiti? Su suka naɗe kayanta suka sa a akwati? Ni na haife ta, Yaya, ban haifa wa malaman bita ba. In darasin wani zai lalace ya lalace, ya zauna ya sake wani.

Kuma wai sai an rubuta dalili. To rubuta mana. Kai da kake cika shafuka a kan yadda ake daidaita lamba, layi ɗaya ne zai gagare ka? Na ɗauka in na ce maka abu yana ci mini rai ba sai na kawo shaidu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, gara in faɗa maka da in bar shi a ciki.

Ina jiran ka ce an yi.

Auta

* * *

Yaya,

Sallama, in har yanzu ana karɓar tawa a wurinka. Na san kana raye, tunda kana kiran Umma duk ƙarshen mako, ka ce ta gaishe ni, ka ajiye kafin ta miƙo mini wayar. Ta lura, ta tambaye ni abin da ya haɗa mu, na ce ba komai. Baban Ɗigo ya yi ciwon baya ya warke. Damina ta shigo har ta kusa fita, amsar takardata ba ta zo ba.

Ka ce kada in buɗe littafin, in tambaye ka. Wa zan tambaya, bango? Ofis ya koma kan manhajarka gaba ɗaya, rahoton kowane wata da ita muke fitarwa, shugaba har yabo yake wai lambobinmu sun yi tsaf. Duk abin da ya shige mini duhu sai na buɗe littafin, duk shafin da na buɗe kuma tana ciki. Na koyi sa tafin hannu in rufe rabin fuskar kwamfutar in karanta abin da nake nema. Na riƙa ce wa kaina Yaya yana ƙoƙari, aikin ne da yawa, in ƙara haƙuri.

Shekaranjiya ina neman yadda ake raba dogon jadawali a shafi biyu, kansa ya maimaitu a na biyun. Na buɗe, na sa hannuna inda na saba, sai na ga lambobi sun zarce ƙasan hannun. Na ɗauke shi.

Ya ƙaru, Yaya. Bai tsaya inda ta tsaya ba. Wata na goma sha biyar, sha shida, har shekara biyu cif, nauyi yana hawa, tsayi yana hawa. Ta fara gudu, ba ta iya birki sai ta ci karo da kujera. Tana kiran kowace dabba kyanwa. Tana ɓoye cokula a cikin takalmin babanta. Ta ƙi a riƙe mata hannu a matakala.

Abokiyar aikina ta ga fuskata ta taso, na ce ina so in san wanda ya taɓa shafin nan, ta nuna mini inda kuke ajiye tarihin canje-canje. Ban gane rabin abin da ke wurin ba, amma na gane layi ɗaya: an karɓa, babu wanda ya ƙi. A ƙasansa ga sunan mai kula da sashen, sunanka, da na Baba a bayansa.

Na roƙe ka ka cire, ka ce akwai ƙa'ida, akwai mutane, a ba ka lokaci. Ashe lokacin na wannan ne. Cirewa sai da dalili, ƙari kuwa ko oho. Ka zauna ka raya mini 'ya a takarda don misalinku ya cika shafi biyu. Ɗigo ba ta taɓa gudu ba. Da bango take tafiya, ranar da zazzaɓin ya kama ta ma riƙe take da gefen gado.

Ban taɓa zaton irin wannan zafin zai zo mini daga hannunka ba. Kada ka rubuto mini bayani, na ƙoshi. Ka ci gaba da kiran Umma, ita ba ta yi maka komai ba, ni kuwa ka daina aiko mini da gaisuwa.

Maman Ɗigo

* * *

Auta,

Assalamu alaikum. Kin ce kada in rubuto, ga shi na rubuto, ki haɗa wannan da sauran laifin. Lafiyar jiki ina da ita. Ina fatan Umma da Baban Ɗigo suna lafiya, ke ma ina fatan kina cin abinci ko ba daɗi.

An cire shi. Na fara da wannan don in kika yaga takardar daga nan, kin dai samu abin da kike jira.

Ba ni na ƙara layukan nan ba, ban ma san da su ba sai a takardarki. Amma ta ƙofata suka shiga. Ranar da takardarki ta biyu ta zo na buɗe buƙatar cirewa, na cike komai, na iso gurbin dalili. Kin ce layi ɗaya ne. Gaskiyarki, layi ɗaya ne, amma na sa yatsu na kasa rubuta cewa ta rasu. Na rufe. Washegari na sake buɗewa na sake rufewa. Daga nan na daina shiga wurin gaba ɗaya, na kashe saƙonnin manhajar, in je aikin da ake biyana in dawo in zauna. Ke ma na kasa amsa miki, don ba ni da abin faɗa sai ban yi ba. Wayar Umma kuwa ina ajiyewa ne don na san abin da za ki tambaye ni.

To akwai wata ƙa'ida da ban gaya miki ba, don ban ga ta shafe mu ba. Ƙaramin gyaran da ya taɓa shafi ɗaya na littafin bayani kawai, in ya yi mako biyu a fili mai kula da sashen bai ce a'a ba, shigewa yake da kansa. Mun yi haka ne don 'yan sa kai da ke gyara mana rubutu su daina jira wata da watanni. Ni ne mai kula da sashen. Ina can na toshe kunne, na'ura ta ƙirga kwanakinta, ta ɗauka na yarda, ta buga sunana a ƙasa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun a takardar farko, na ɓuya a bayan bayani. Da na ce jadawalin ya zama na mutane, ba mutane ne suka riƙe mini hannu ba. Auta, ban taɓa ɗaukar Ɗigo ba. An haife ta ina nan, na ce sai na samu hutu, hutun bai zo ba har ta tafi. Hoton farko da kika turo, 'yar mitsitsiya a tsakiyar bargo, shi na kalla na ce mata Ɗigo, sunan ya bi ta. Bayan wannan, abin da na sani nata shi ne abin da kike turowa ranar awo, in buɗe in ƙara layi, in zauna ina lissafin ko yanzu ta kai nauyin jakar kwamfutata. Kowace safiya gwaje-gwajenmu suna bi ta kan jadawalin su dawo su ce komai daidai. Bayan rasuwarta ma haka suka ci gaba da cewa, ni kuma ina zuwa in karanta. Kin roƙi in cire abin da ke ci miki rai, ni kuma shi kaɗai nake da shi, na rasa bakin da zan gaya wa wadda ta haife ta haka. Kunya ta kama ni. Ina kewarta, Auta, yarinyar da ban taɓa jin ɗuminta ba.

Ranar da takardarki ta ƙarshe ta zo na cike gurbin. Na rubuta: wannan jadawalin na 'yar ƙanwata ne, ta rasu a watan da ya tsaya, mahaifiyarta ta roƙi a cire. Ɗaya daga cikin masu kula ya amince bai ƙara ko kalma ba. Aikin da na ce miki zai ɗauki lokaci, mutanen da ban taɓa gani ba suka raba shafukan a tsakaninsu, kafin mako ya zagayo sun gama. A madadinsa na ƙirƙiri wani gari da babu shi, na yi masa jadawalin ruwan sama.

Ba zan yi miki ƙarya ba, daga sabon bugu kawai ya fita. Tsofaffin bugu suna hannun mutane, akwai waɗanda suka kwafe shi cikin darasinsu, ƙila har malamin bitarku. Wata rana kina iya cin karo da shi, kuma ba ni da ikon hana wannan.

Saura maganar wanda ya ƙara layukan. Wani mai haɗa magani ne a wata ƙasa mai nisa, yana taimaka mana in ya tashi aiki. Ya ga shafin dogon jadawali ba shi da misali mai tsawon da zai tsallaka shafi biyu, ya kuma ɗauka namu ƙirƙira ne. Da ya ga dalilina ya rubuto mini yana ta ba da haƙuri, ya ce in isar miki in za ki karɓa. Ya ce shi ba ya son ƙirƙirar lamba, aikinsa ya hana shi wannan halin, sai ya ɗauko katin awon 'yarsa ya ci gaba daga inda namu ya tsaya. Gudun nan da cokulan da takalmin, duk nata ne.

Ban ce ki huce ba. In kin ga dama ki amsa, in ba ki ga dama ba zan ci gaba da jira.

Yayanki

* * *

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Umma ta ga takardarka a hannuna ta ce, "To, an shirya ke nan?" Na ce mata da ma ba a ɓata ba, ta ce in je in gaya wa wanda bai haife mu ba. Baban Ɗigo yana gaishe ka. Na gaya masa komai daga farko, sai ya tambaya ko akwai inda zai ga jadawalin. Na ɗauko masa katin awon daga akwati, ya fita da shi tsakar gida ya zauna.

Na buɗe littafin a ofis, na ga garinka da ruwan samansa. Ka cika masa ruwa, Yaya, ko a ƙirƙira ba ka iya tsaka-tsaki ba, mutanen garin nan sai kwalekwale. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ban sa hannu na rufe komai ba. Ba ta ciki. Na samu abin da na roƙa, na zauna ina jira in ji sauƙi, sauƙin bai zo ba. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na dawo na ƙarasa rahoton famfuna.

Na karanta abin da ka rubuta a gurbin dalili. Ya isa. Maganganun da na faɗa maka, wasu na janye, wasu ka ci su haka don kai ka ja. Da ka ce mini tun farko ba ka da komai nata sai wannan, da ban kai ka bango ba. Tunda lamba kawai ka sani, bari in ba ka abin da kati bai ɗauka ba. Nauyinta duk a ka yake. In ka ɗauke ta sai ta cusa kan nan ƙarƙashin haɓarka, ta kama kunnenka da hannu ɗaya, gashinta yana warin sabulu da zufa. Ba ta yarda a zauna da ita, sai a tsaye, kana zama za ta farka. Da ka zo da ka sha wahalarta, da kuma ta so ka, don tana son masu tabarau, ta cire ta yar.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba, har Babanta. Tsakanin ranar da na ga layukan nan da ranar da kuka cire, babu ranar aikin da ban buɗe shafin ba. Na rubuto maka faɗa da safe, da rana na koma na karanta. Na san ba ita ba ce, ni na fi kowa sani. Amma sai in duba wata na goma sha takwas in ce yanzu da jan takalminta ya matse ta. Na haddace su. Wata safiya na tsinci kaina ina girgiza takalmin Babanta kafin ya sa, ya tambaye ni me nake nema, na ce kunama. A makonnin nan ina da 'ya mai shekara biyu, mai gudu, mai taurin kai a matakala. Da kuka cire sai ta koma riƙe da gefen gado. Kada ka mayar, ba abin da nake nufi ke nan ba. Ina gaya maka ne don ka san ba kai kaɗai ka zauna gaban lambobi kana renon su ba.

Sai ga shi ka ce ba ƙirƙira ba ce, akwai ta. Tun da na karanta wannan na kasa cire shi a raina. Ashe duk kwanakin nan 'yar wani nake bi a baya, gabana yana faɗuwa kada ta faɗo daga matakala, a gidan da ban san ko a wace ƙasa yake ba.

Ka ce wa mai haɗa maganin na karɓi haƙurinsa, ba shi da laifi. Sannan ina da tambaya ɗaya, ka yi masa ita a hankali, ba sai ka ce daga wurina ta fito ba. Nasa layukan a shekara biyu suka tsaya. Ƙila shafin ne ya cika, ƙila katin ne ya ƙare, amma ni na san wani abu da ke tsayar da jadawali. Ka tambaye shi ko tana nan lafiya.

In tana lafiya ka rubuto mini da wuri. In ba haka ba ne, Yaya, ka ce mini bai amsa ba.

Ƙanwarka,
Auta